Libarba ko mai magazin: wacce zan ɗauka don kare kai?

Abu_Hanan: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san kan bindiga. A ƙasar da nake zaune doka ta yarda mutum ya mallaki ƙaramar bindiga don kare kansa, kuma takarduna sun fito, saura saye. Na tsaya a kan guda uku: Glock 19 da SIG P365, duka masu magazin (gidan harsashi da ake cusawa ta mariƙi), sai wata 'yar libarba (mai gangar harsashi da ke juyawa) Smith & Wesson 642. Yawanci a gida za ta zauna, amma ina so in riƙa fita da ita jefi-jefi. Kuma ina so uwargida ita ma ta iya amfani da ita idan ba na nan. Mai sayarwa ya ce min in dai da mace a lissafin, in ɗauki libarbar kawai, ƙarama ce, ba ta da nauyi, ba ta maƙalewa. Ban taɓa harbi ba sai sau biyu, shi ma a wurin gwajin lasisi. Me kuka gani?

TsohonKofur: Wa alaikumus salam. Kafin a je ga wacce, tambaya ɗaya: a cikin ukun nan wacce ka taɓa harbawa da hannunka? Idan amsar ita ce babu, to ba ka kai wurin zaɓe ba tukuna. Ka nemi filin koyon harbi da ke ba da hayar bindigogi, ka tafi da uwargidan, kowa ya harba harsashi ashirin ko talatin da kowacce. Gani ya kori ji. Bindigar da ta zauna daram a hannuna, kai tana iya yi maka kamar ka riƙe bulo.

Maman_Iman: Ni dai maganar mai sayarwan nan ce ta sa na ajiye abin da nake yi na shigo. Irin ta aka yi min, na yarda, na sayi 'yar libarba mara nauyi. Ranar farko a filin harbi, harsashi biyar na harba na ajiye ta. Tsakanin babban yatsana da manuni ya yi jawur, washegari ko cokali na riƙe sai na ji shi. Kunamarta kuma tauri, sai na matse da ƙarfi har bakin bindigar ya karkace ƙasa kafin ta tashi. A takardar da nake auna, ɗaya ne kawai ya shiga, shi ma a gefe. Wata shida tana kulle ban sake taɓa ta ba, don tsoron ta nake ji. Daga baya wata mai koyarwa ta ba ni babbar bindiga mai cin harsashin 9mm, na ce wannan ai ta fi ƙarfina, ta ce gwada dai. Wallahi sai na ji kamar an cire min ƙaya. Malam Abu Hanan, kada ka zaɓa wa matarka, ka bar ta ta zaɓa.

Injiniya_Sifili: Abin da Hajiya ta faɗa lissafi ne tsantsa. Idan harsashi ya fita gaba, dole bindiga ta yi shuri baya, kuma iya rashin nauyinta iya zafin shurin. Ita 642 ba ta kai rabin kilo ba, mariƙinta gajere, yatsu biyu ko uku ne ke samun wuri. Glock 19 kuwa idan an cika ta tana kai wajen giram 850, ga mariƙi da ke cika hannu, ga kuma marfin saman nan da ke ja da baya yana shanye wani ɓangare na shurin. Sai batun kunama: ta Glock tana buƙatar matsin kilo biyu da rabi ko kusa da haka, ta irin wannan libarbar kuwa ta kai wajen kilo biyar. Ka ga kana jan kilo biyar da yatsa ɗaya a jikin abin da bai kai rabin kilo ba, kuma ana so ya tsaya cak. Shi ya sa ƙwararru ke cewa ƙaramar libarba bindigar gwanaye ce, ba ta ɗan koyo ba.

Dattijo1958: Yaran zamani kun fara. Ni shekarata arba'in da libarba, ban taɓa jan kunama ta ƙi tashi ba. In ma harsashi ya mutu, sake ja kawai za ka yi, ganga ta juyo maka da na gaba. Ku kuma idan taku ta shaƙe sai kun tsaya bugun magazin da jan marfi, a cikin duhu, jiki na rawa. Harsashin .38 Special tun 1898 yake, 'yan sanda a ƙasashe da yawa sun yi shekaru da dama da shi a ƙugu. Tsufa ba lalacewa ba ne.

Injiniya_Sifili: Baba, Allah ya ƙara girma, ba wanda ya raina libarba. Amma taka wace iri ce? Na tabbata mai cikakken girma ce ta ƙarfe, mai cin shida, irin su Model 10. Wannan daban, 'yar aljihun da aka nuna wa Abu Hanan daban. Kuma in batun tsufa ne, shi ma 9mm ɗin Georg Luger ya ƙirƙiro shi tun farkon shekarun 1900, tsaran juna ne.

Dattijo1958: Mai cin shida ce, bakinta inci huɗu. To na yarda da wannan gyaran. Ƙaramar ni ma ba na son ta.

Zaki_45: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Matsalar ba bindiga ba ce, harsashi ne. 9mm wasan yara ne. A nemi .45 kawai, irin na M1911 da John Browning ya ƙera, wadda sojan Amurka suka riƙe daga 1911 har 1985. Harbi ɗaya, magana ta ƙare.

TsohonKofur: Zaki, "harbi ɗaya magana ta ƙare" a fim ake yin sa. Ƙaramar bindiga kowace iri ce rauninta kaɗan ne idan aka gwada ta da doguwa. Ba ta ɗaga mutum ta yar. Kuma ka manta ka faɗi me suka koma a 1985: Beretta mai cin 9mm. A 2017 da suka sake canjawa zuwa SIG, shi ma 9mm ne.

Mai_Bincike: Bari in ɗan tsawaita a nan, don wannan gardamar an riga an yi ta a aikace, da jini ma. Ranar 11 ga Afrilu 1986, a Miami ta Amurka, jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar, suka yi musayar wuta da wasu 'yan fashin banki biyu. An kashe jami'ai biyu, biyar suka ji rauni. Ɗaya daga cikin 'yan fashin, harsashin 9mm ya same shi tun farkon faɗan, ya ratsa hannunsa ya shiga ƙirji, amma ya tsaya dab da zuciya, mutumin ya ci gaba da harbi. Sai hukumar ta ɗora laifin a kan harsashin. Suka koma 10mm, suka ga shurinsa ya yi wa jami'ai da yawa yawa, aka rage masa ƙarfi, daga nan aka haifi .40 S&W a 1990. Abin da ya fi amfani da ya fito daga wannan lamari shi ne ma'aunin da suka kafa: harsashi ya iya nutsewa inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren abu mai kama da tsoka da ake gwaji da shi. Shekaru suka tafi, masu ƙera harsashi suka inganta na 9mm har ya riƙa cika wannan ma'auni. A 2014 sashen horaswarsu ya ba da shawarar a dawo 9mm, a 2016 suka ba Glock kwangila. Dalilansu: jami'ai sun fi samun abin da suka auna da shi, sun fi sauri, magazin ya fi ɗaukar da yawa, kuma bambancin raunin da ke tsakanin manyan harsasan ƙananan bindigogi bai taka kara ya karya ba. Wato an yi zagaye na shekara talatin an dawo inda aka tashi.

Zaki_45: FBI ɗin ai su ma mutane ne. Ni dai ina nan kan bakana.

Ɗan_Baiwa: Kowa da kiwon da ya karɓe shi, Zaki. Amma ɗan koyo ake ba shawara, ba kai ba.

Ummu_Sudais: Ku yi haƙuri zan karkatar da zancen. Malam Abu Hanan, sunanka ya nuna akwai yara a gidan. Tun ɗazu ana ta kilo da inci, ba wanda ya tambayi inda za a ajiye ta. Yaro ɗan shekara uku yana iya jan kunama, da manyan yatsunsa biyu yake turawa, kuma a lokacin bakin bindigar fuskarsa yake kallo. Kada ka ce za ka ɓoye a saman kabad. Ni ɗana yana shekara biyar ya kawo min makullin da na yi wata uku ina ɓoyewa a cikin safa, ya ce Umma ga abinki na gani. Ba abin da ke ɓuya ga yaro a gidan ubansa. Ka sayi akwatin ƙarfe mai lambobi, a ɗaure shi da ƙusa a bango ko a ƙasa, tun kafin bindigar ta shigo gidan.

Abu_Hanan: Hajiya gaskiyarki, yara biyu ne, babbar shekararta shida. Na yi tunanin akwatin amma na ce sai daga baya. To amma idan tana kulle, wani ya faɗo min cikin dare, kafin in buɗe ai an gama da ni?

TsohonKofur: Akwai ƙananan akwatuna da ake buɗewa da danna maɓallai huɗu ko biyar, ko a duhu, cikin daƙiƙa biyu ko uku idan hannu ya saba. Masu karanta zanen yatsa ma akwai, sai dai idan yatsa ya jiƙe da gumi ko batir ya yi sanyi suna iya ƙin buɗewa, don haka ni na fi son na maɓalli. Sannan ka auna da kyau: daren da ɓarawo zai shigo wataƙila ba zai taɓa zuwa ba, amma 'yarka kullum tana gidan.

Likitan_Dare: Tunda Hajiya ta buɗe ƙofar, bari in shiga. Aikina a ɗakin gaggawa ne, kuma ba na cikin masu murna da bindiga a gida, ban ɓoye ba. A Amurka, mutum fiye da 48,000 suka mutu ta hanyar bindiga a 2021, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Ba ɓarayi ba, ba 'yan fashi ba. Damuwa takan zo wa mutum kamar hadari ta wuce, amma idan da bindiga a kusa ba ta barin damar nadama. Saboda haka duk mai son saye ya dubi gidansa da idon gaskiya: akwai mai fama da ciwon damuwa? Akwai matashi mai zafin zuciya? Kai da matarka idan rai ya ɓaci yaya kuke? Ba zargi nake ba, Malam, ni kaina na yi wa kaina tambayar, amsar da na samu ce ta sa ban saya ba.

Zaki_45: Likita, shawarar bindiga aka nema, ba wa'azi ba.

Maman_Iman: A'a Zaki, wannan ma cikin shawarar yake. Ni ina da bindiga kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Lauya_Mai_Shiru: Ni ma in saka nawa bakin. Lasisin mallaka daban, izinin yawo da ita daban, haƙƙin harbi kuma daban. Dokoki sun sha bamban ƙwarai. A Amurka Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 cewa mutum na da haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gida don kare kai, amma duk da haka kowace jiha da nata sharuɗɗan. A Birtaniya an haramta kusan dukkan ƙananan bindigogi a 1997 bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane a 1996. Kanada ta dakatar da saye da sayar da su a 2022. Masu karanta mu daga wurare daban-daban suke, kada wani ya ji hirar nan ya je ya sayo ta bayan fage, wannan ɗauri ne ba kare kai ba. Kai kuma Abu Hanan, ka zauna da wanda ya san dokar inda kake. A mafi yawan wurare ba a yarda ka harbi mutum ba sai rai na cikin haɗari nan take. Wanda ya ɗauki talabijin ɗinka ya juya yana gudu, ka harbe shi a baya, kai ne za ka tsaya gaban alƙali. A wasu wuraren ko nuna wa mutum ita ka yi don tsoratarwa laifi ne.

Ɗan_Baiwa: Mu dawo kan ukun da ya lissafa. P365 nake ɗauka kullum. Ta fito a 2018, abin da ya sa ta yi tashe shi ne 'yar ƙarama ce amma tana cin goma, a lokacin da tsararrakinta ke cin shida ko bakwai. A ƙugu har mantawa nake da ita. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, a filin harbi Glock 19 ta fi ta daɗi nesa ba kusa ba. Glock ɗin tana cin 15, tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya ta fi tsawo, kuskure ya fi raguwa. Tunda ka ce yawanci a gida za ta zauna, ni 19 zan ce. Ƙanƙanta amfaninta ɓoyewa ne kawai, a cikin akwati kuwa wa kake ɓoye wa?

Ummu_Sudais: Ni matsalata da masu magazin jan marfin nan ne. Hannuna ba ƙarfi, ina da ciwon gaɓɓai.

Maman_Iman: 'Yar'uwa, yawanci dabara ce ba ƙarfi ba. Kada ki kama shi da yatsu biyu kamar mai jan zare. Ki kifa tafin hannunki a kansa ta baya, ki kawo bindigar kusa da ƙirji bakinta na kallon inda ba kowa, yatsa a waje, sai ki tura mariƙin gaba da ɗaya hannun a maimakon ki ja marfin baya. In duk da haka ya gagara, akwai Shield EZ da Smith & Wesson suka fitar a 2018 musamman don masu raunin hannu, marfinta da laushi, cusa harsashi a magazin ɗinta ma da sauƙi.

Sabon_Shiga: Tambaya don Allah, kada a yi min dariya. Na ji an ce Glock ba ta da makullin kariya. Ba haɗari ba ne?

Injiniya_Sifili: Ba abin dariya a ciki. Ba ta da wanda ake turawa da babban yatsa, amma tana da kariya uku a ciki, waɗanda ke hana ta tashi ko da ta faɗi ƙasa. Sai an ja kunama suke sakin hanya. Ma'ana duk abin da ya ja kunamar, yatsa ne ko igiyar riga ko makulli a jaka, za ta tashi. Shi ya sa dole a sa ta a kube mai tauri wanda ya rufe kunamar gaba ɗaya, ba a jefa ta tsirara a aljihu ko jaka. Libarbar da Baba ke yabo ita ma ai ba ta da makullin, taurin kunamarta ne kariyarta.

Na_Tuba: Bari in ba da labarin kaina, ko wani zai tsira. Shekara ta biyu da fara riƙe bindiga, har na fara jin ni gwani ne. Na dawo daga filin harbi zan wanke ta. Na ja marfi na ga harsashi ya faɗo, sannan na cire magazin. Kun ga kuskuren? Na juya tsarin. Da na saki marfin ya riga ya ɗauko wani daga magazin ya cusa. Ita kuma irin tawa sai an ja kunama ake kwance ta. Na ja. Ƙarar da na ji a cikin ɗakin nan ban taɓa jin irinta ba, kunnena ya yi kwana uku yana ƙugi, har yau na hagu bai koma daidai ba. Harsashin ya huda teburin, ya fasa tayil, ɓaraguzai suka yanke ni a ƙauri. Matata tana ɗakin da ke kusa. Abu ɗaya da na yi daidai a ranar shi ne bakin bindigar ƙasa yake kallo. Magazin ake fara cirewa, sannan a ja marfi, sannan a leƙa da ido a kuma taɓa da yatsa.

TsohonKofur: Allah ya kiyaye gaba. Ka yi jarumta da ka faɗa, da yawa ya same su sun yi gum. Ƙa'idoji huɗun da malamin harbi Jeff Cooper ya yaɗa saboda irin wannan ne: ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada bakinta ya kalli abin da ba ka yarda ya lalace ba, yatsa ba ya hawa kunama sai ka auna ka yanke shawarar harbi, ka san abin da kake auna da abin da ke bayansa. Na ƙarshen nan Abu Hanan ka riƙe shi da kyau, don harsashin 9mm yana ratsa bangon allo na cikin gida fiye da ɗaya. Ka san inda gadon yaranka yake daga kowane lungu. Kuma ka haɗa da tocila mai haske. Mutane sun harbi 'ya'yansu da suka dawo gida cikin dare suna zaton ɓarawo ne.

Dattijo1958: Abin da ya sami Na_Tuba da libarba ce da bai faru ba. Ka buɗe ganga, ramuka shida na kallonka. Ina dai faɗa ne.

Injiniya_Sifili: Baba ya samu ƙofa! Wannan kam gaskiyarka ne. Amma a gaya wa ɗan koyo ya janye babban yatsansa daga gaban gangar, don wutar da ke fita ta tsagar nan tana yanka nama.

Mai_Bincike: Ƙari a kan maganar Kofur. A 1983 wani ɗan sandan birnin Salt Lake City na Amurka mai suna Dennis Tueller ya nuna cewa mutum mai lafiya na iya cinye tazarar ƙafa 21, wajen mita shida da rabi, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, kusan daidai lokacin da horarren jami'i ke buƙata ya zaro bindiga ya harba. Horarre fa. To ina ga wanda ya yi harbi sau biyu a rayuwarsa, aka tashe shi daga barci? Abin da ke saya maka lokaci shi ne ƙofa mai ƙarfi, fitilar waje, ƙararrawa, ko kare mai haushi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kuɗinka na bindiga ne kawai, babu na akwati da kube da darasi da harsashin atisaye, to ka sayi mai araha ka bar canji, ko ka dakata.

Likitan_Dare: Kuma a sa abin toshe kunne, kai har biyu ma, na ciki da na waje. Ƙarar ƙaramar bindiga ta haura desibel 150 a ma'aunin ƙara, alhali daga 140 harbi ɗaya na iya lalata ji har abada. A wanke hannu bayan atisaye kafin a ɗauki yaro, akwai dalma a jikin harsashi.

Abu_Hanan: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya muka je filin harbi ni da uwargida, muka yi hayar ukun. Libarbar ta fita daga lissafi, harbi uku ta yi ta miƙo min ita tana yarfe hannu, ta ce a gaida Maman Iman. Sai dai an samu sabuwar rigima: ni Glock 19 ta zauna min, ita kuma ta ce mariƙin ya yi mata kauri, yatsanta da ƙyar yake kai wa kunama, ta fi samun takarda da P365 duk da shurinta. Akwatin ƙarfe dai na yi oda, kuma mun yi rajistar darasi na kwana biyu. Likita, maganarka ma mun zauna mun yi ta, ba ta yi daɗi ba amma mun yi.

Ɗan_Baiwa: To ku gwada Glock 48 ko P365 XL, siririn mariƙi ne da ɗan tsawo, wataƙila ku haɗu a tsakiya.

Zaki_45: Ko ku sayi biyu kowa ya huta. Ɗaya ta zama .45.

Dattijo1958: Ba wanda ya ba yarinyar nan libarba mai cin shida ta gwada. A sake komawa filin.